Ranar da Hilda Ta Je Ɗebo Rawaya

Rawayar ƙasar da Hilda take zane da ita ta ƙare ana tsakiyar rani. Ta kifa gwangwanin madarar da take ajiye ta a ciki, ta buga gindinsa a kan tebur, abin da ya faɗo bai isa a shafa wa jariri a goshi ba. Jar ƙasa tana da ita, fara ma akwai, gawayi kuwa murhun kowa ka je ka samu. Sai dai allon da ke jingine a gabanta, wanda ya fi ta tsawo, ba zai yiwu da waɗannan kaɗai ba. Dutsen mahaifinta take so ta zana, shi kuwa dutsen nan rawaya ne tun daga ƙugunsa har ƙasa.

A teburin da ke kusa da nata a rumfar zanen unguwa Bessie ce zaune, ta ɗora tabarau a kan hanci tana ɗiga fari da tsinke. 'Yar kawun Hilda ce, abokiyar wasanta tun suna yawo ba riga. Tare suka tashi a gidan shanun Bature, tare suka tatsi awaki suka wanke kwanukan matar manaja, tare kuma aka loda su a babbar mota da iyayensu shekarar da Turawan shanu suka sallami mutane. Ko zanen ma kusan tare suka fara, bayan gashinsu ya yi fari, suna niƙa wa tsofaffin maza ƙasa har wata rana Hilda ta ce ita ma tana da hannu. Abu ɗaya ne ba su taɓa yi tare ba, wato yarda da juna.

Bessie ta turo mata nata gwangwanin da gwiwar hannu. "Ga tawa nan, ɗebi."

Hilda ta leƙa ta yatsine fuska. "Wannan mai kama da kashin jariri?"

"Da ita na zana wanda aka kai birni."

"Shi ya sa suka rataye shi a bayan ƙofa."

"Ke kin je kin gani?"

"Ba sai na je ba. Rawaya ta gaskiya tana rafin Baba. Ki jiƙa ta da yawu ki goga a hannu, sai kin rantse rana ce ta faɗo miki a fata. Ko an ɗaure min ido zan kai mutum wurin."

Wannan magana duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfar zane ya ji ta, wasu ma sun haddace. Abin da Hilda ba ta cika faɗa ba shi ne, rabonta da rafin tun ba ta fara ɗaura ɗankwali ba.

Bessie ta sauke tabaranta. "To mu je mana. Na gaji da jin labarin rawayar da ba wanda ya taɓa gani."

Nan ne gizo ya so ya yi saƙa, domin motar rumfar zane tana gari wurin gyara, kuma a duk unguwar motar da za ta iya shiga wancan daji guda ɗaya ce, ta Toby. Toby ɗan Bessie ne, shi ne kuma mijin Noreen, 'yar Hilda. Tun ranar da ya zama surukinta magana ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa, ba ta karɓar abu daga hannunsa. In sun yi kiciɓis a hanya, ɗaya ya ratse cikin ciyawa. Ba gaba suke yi ba, haka dokar surukuta take a wurinsu, kuma Toby mutum ne mai riƙe doka da hannu biyu. An taɓa ganinsa ya tsallake shingen kanti, ƙato da shi, don kawai ya hango ta tana tahowa da jakar sukari. Duk naman da ya harbo kuwa, cinyar farko gidan Hilda take zuwa ta hannun matarsa.

Noreen ce ta shirya tafiyar, ita ce kuma za ta zama bakin kowa. Da safiyar ranar sai ga ta da rigar aikin asibiti tana sauri, wai wata yarinya ta fara naƙuda ana jiran jirgin da zai kai ta asibitin birni.

"Mama, ko a ɗaga zuwa wani satin?"

Hilda ta riga ta ɗaura takalmi, ta ɗauki sandar tono da buhunan fulawa biyu. "Ba inda za a ɗaga. Ga uwarsa nan, bakinta ba ya hutawa, yau ya yi amfani."

"Ni za ki mayar 'yar aike?" in ji Bessie. Amma tuni ta haye gaba ta gyara zama.

Toby ya shimfiɗa katifa a bayan motar, ya ajiye akwatin abinci a matsayin matakala, sannan ya tafi bayan gida ya tsaya yana nazarin tankin ruwa kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai da Hilda ta hau ta zauna, ta juya baya ga mazaunin direba, sannan ya dawo ya tayar. Karensa Biskit ya yi tsalle ya kwanta a ƙafarta. Bessie ta zuge ɗan gilashin da ke tsakanin gaba da baya.

Kwalta ba ta daɗe ba ta ƙare. Motar ta shiga tsalle a kan duwatsu, haƙoran Hilda da suka rage suna gaisawa da juna.

"Bessie! Ki ce wa mai mota ya rage gudu. Ƙasusuwan nan ba ni da wasu a gida."

Bessie ta juya ga ɗanta. "Surukarka ta ce kana tuƙi kamar tsohuwa, wai ka taka."

"Ƙarya take yi!" in ji Hilda daga baya.

"Ta ce ka ƙara."

Toby ya dubi sitiyari, ya rage gudu har kunkuru zai iya raka su.

Wahalar zama da baya ita ce mutum ba ya ganin abu sai ya wuce shi. Hilda ta san hanyar, ko dai ta san ta a da, amma kukar da za a karya a gindinta sai da ta yi nisa a bayansu sannan ta gane ta. Ta buga rufin motar da sanda.

"Mun wuce! A koma, a yi gabas."

Aka koma. Can gaba suka wuce tsohuwar rijiyar shanu, aka sake bugun rufi, aka sake komawa. Da aka yi na uku Bessie ta zuro kai ta tagar.

"Ke da kika ce ko an ɗaure miki ido. Ko ɗaurewar za mu yi, wataƙila ki fi gani?"

"Ki ce wa ɗanki ya yi tuƙin da baya, sai in ga gabana."

Kafaɗun Toby suka girgiza. Bessie ta ce tari ne ya kama shi.

Rana ta ɗaga suka iso wani rafi da ya ƙafe, yashi fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta kusa haurawa, sai ƙafafun baya suka nutse daidai gindin gaɓar. Toby ya taka, yashi ya tashi, motar ta ƙara zama. Ya kashe ta ya fito da shebur. Hilda ta sauka ta wancan gefen, ta sami inuwar wata bishiya ta zauna tana kallon inda suka fito. Bessie ta haɗa wuta ta ɗora gwangwanin shayi, tana ba ɗanta shawarar da bai tambaya ba. Daga bayanta Hilda tana jin nishinsa da ƙarar shebur, da Biskit da ya shige ƙarƙashin motar yana taya tono da ƙafafu. Sai da suka sha shayi har ya huce sannan motar ta fita.

Daga nan ba nisa. Da motar ta tsaya Hilda ta sauko ta juya, sai ga dutsen a gabanta, kansa ja, ƙugunsa rawaya, da tsagar nan a kafaɗarsa ta yamma. Ta daɗe a tsaye. Ya fi yadda take tunawa ƙanƙanta, amma shi ne.

Ta ɗaga murya ta yi wa ƙasar magana da harshen mahaifinta. Ta faɗi ko ita wace ce, 'yar wa, ta ce ta daɗe ba ta zo ba amma ba da son ranta ba ne, ta zo da baƙi kuma nata ne, kada a taɓa su. A gindin dutsen akwai ɗan kududdufi da bai ƙafe ba. Ta ɗebo ruwa da tafin hannu ta shafa wa Bessie a ka da kafaɗu. Saura Toby, wanda ke tsaye can nesa ya cire hula ya ba su baya.

"Wannan sai ke," in ji Hilda. "Ni zan yi maganar, ke ki shafa masa. Kaɗan ake sawa."

Bessie ta cika gwangwanin shayi taf, ta je ta juye masa a ka gaba ɗaya.

"Mama!"

"Kai ƙato ne, kaɗan ba zai ishe ka ba. So kake ƙasar ta gane kanka ta bar sauran?"

Sannan aka shiga nema. Hilda ta yi gaba da sandarta, ta bi rafin da ya zagaye dutsen. Ta ce wurin yana kwana ta farko, inda gaɓa ta yi tsawo. Suka je, ta caka sanda, laka ce toka-toka. Ta ce a'a, kwana ta biyu ce, ta tuna akwai farin itace. Suka tarar da fararen itatuwa sun fi a ƙirga, ƙasar kuwa ja ce irin wadda ke bayan gidan kowa.

"Wataƙila rawayar ta ji kina zuwa ta yi ƙaura," in ji Bessie. "Ko ni ce aka yi shekara da shekaru ana yabona haka, kunya za ta sa in ɓuya."

Hilda ta ci gaba da tafiya tana caka sanda, ƙafarta tana jan yashi. A kwana ta gaba ma babu. Ta gwada ƙugun dutsen kansa, amma wannan dutse ne mai tauri, ba ya niƙuwa. Da Bessie ta ga ba a rama ba, sai ta dubi fuskar abokiyar wasanta, ta haɗiye maganar da ke bakinta.

Suka dawo inuwa kusa da mota suka zauna. Bessie ta gutsura burodin da aka gasa a toka ta buɗe gwangwanin nama, ta miƙa mata. Hilda ta riƙe ba ta ci ba.

"Ina ganinsa kamar yanzu," ta ce a hankali. "Ya durƙusa ya tona da hannu, ya jiƙa, ya ja min layi daga nan zuwa nan." Ta nuna ƙirjinta. "Ya ce in na girma in kawo 'ya'yana. Ga shi na tsufa na kasa gane ƙofar gidanmu."

"Ruwa nawa ya wuce ta nan tun lokacin? Shanu nawa suka tattake? Ci abincinki."

Can gefe Toby ya sunkuya yana duba ƙafar mota, ya ba su baya kamar yadda ya kamata. Hilda ba kallonsa take yi ba. Ita dai ta ɗaga kai ne don ta kori ƙuda, idonta ya zame. Wandonsa, daga mazaunai har bayan gwiwa, rawaya ne gaba ɗaya.

Burodin ya faɗi daga hannunta. Ta yi maza ta kawar da kai, ta kira Biskit. Karen ya zo yana kaɗa jela. Ta kama ƙafarsa ta gaba ta duba tsakanin faratan, ta kankaro abin da ke ciki, ta tofa yawu ta goga a bayan hannunta. Layin ya fito yana ƙyalli a kan baƙar fatarta.

"Bessie. Ki ce wa mai mota ya mayar da mu inda muka maƙale."

Bessie ta dubi hannun Hilda, ta dubi karen, sannan ta juya a hankali ta dubi ɗanta. Murmushi ya fara daga gefen bakinta.

"A ina kika fara gani?"

"A jikin kare."

"Wane karen? Mai wando?"

"Na ce a jikin kare!"

"Ikon Allah. Shekara nawa kina ratse hanya, ashe ta baya kike duba min yaro. Toby! Ka zo ka ji..."

"In kika faɗa, a nan zan binne ki, kuma ƙasar ubana ce, ba mai tambayata."

Bessie ta yi dariya har ta kwanta a kan buhun fulawa. Toby ya miƙe, ya shafa bayan wandonsa ya dubi tafinsa, ya shige mota da sauri ya rufe ƙofa.

Da suka koma mahayin rafin, Hilda ta sauka ta taka zuwa tsakiyar yashi ta juya ta fuskanci dutsen, sai komai ya koma mazauninsa. Da ƙafa suke zuwa a da, daga wancan ɓangaren, kuma daga nan ne dutsen yake fara leƙowa ta saman itatuwa. Gaɓar da take tunawa mai tsawo tana nan, yashi ne ya cike ta har wuya. Ɗazu ta zauna a kanta ta sha shayi tana kallon wani wajen.

Toby ya shiga ramin da ƙafar motar ta bari ya ci gaba da tono. Ƙasa da yashin sai ga rawayar, kaurinta ya kai damtse guda, mai laushi kamar man shanu. Yana yankowa da shebur yana ɗorawa a kan buhu, in ya tara sai ya ja da baya ya juya, Hilda ta matso ta zaɓa. Tana cikin murza wani curi a hannu sai waƙar wurin ta zo mata, wadda ta ɗauka ta manta. Ta fara a ƙasa-ƙasa. A tsakiya muryarta ta karye, Bessie ta kama mata, duk da rabin kalmomin nata ƙirƙira ne. Toby ya jingine shebur, ya ce wa mahaifiyarsa ya ga sawun guza, ya bi rafin ya yi nisa. Bai dawo ba sai da suka share fuska, kuma bai zo da guza ba.

Buhu ɗaya kawai Hilda ta yarda a cika. Ta sa aka mayar da yashi aka rufe ramin, ta yi wa wurin sallama.

Aikin allon ya ci sauran rani. Ta shanya rawayar, ta daka a turmin ƙarfe, ta tankaɗe da tsohon gidan sauro, ta kwaɓa da ƙaron da ta jiƙa. Ta shimfiɗa baƙin gawayi, ta ɗora jan kan dutsen, sannan rawayar, shafi a kan shafi har ta yi kauri ana jin tsakuwarta da yatsa. Rafin ta ja shi ya zagaye gindin dutsen, ta bi gefensa da ɗigon fari ɗaya bayan ɗaya, bayanta yana ciwo, tana zagin tsinken. Bessie takan leƙo ta ce dutsen ya yi kama da burodin da ya ƙone, amma an kama ta sau biyu da cokali a gwangwanin Hilda.

Lokacin da aka gama, zafi ya kai inda yake kaiwa, gajimare suna taruwa kullum da rana su watse ba su yi komai ba. Matar da ke kula da rumfar ta ce motar da za ta kai zane-zane birni tana tafe. Rannan da la'asar Hilda ta sa aka fitar da allon waje, aka jingina shi a bangon da ke kallon inda Toby yake gyaran motoci.

"Me zai yi a waje?" in ji Bessie.

"Ya sha iska ya bushe."

"Allon da ya bushe tun wancan satin?"

Hilda ta koma ciki ta zauna tana wanke tsinkaye, ta ba ƙofa baya. Bessie ta tsaya a taga tana kawo rahoto ba a aike ta ba. Ya fito. Ya goge hannu. Yana zagaye-zagaye kamar ba nan zai zo ba. Ya tsaya. Ya cire hula. Har yanzu yana tsaye. Ya matsa kusa yana bin rafin da yatsa, bai taɓa ba.

"Wa ya tambaye ki?" in ji Hilda. Amma hannunta ya daina motsi a cikin ruwan.

Sai iska ta kaɗa, ƙamshin ƙasa ya shigo, ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon rufi kamar an jefo tsakuwa. Kafin Hilda ta miƙe ruwan ya kece gaba ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ga allon ya shigo ta ƙofa da gudu, da ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa. Toby ya jingina shi a bango, ya duba gaba ya duba baya, ya ga ɗigo kaɗan ne suka taɓa gefensa, ya sauke numfashi. Sannan ya ɗago ya ga inda yake, da wadda ke tsaye taku kaɗan daga gare shi.

A tare suka juya. Shi ya fuskanci bangon gabas inda aka rataye tsintsiya, ita ta fuskanci na yamma. Ya yunƙura zai fita, Bessie ta riga shi ta tura ƙofar ta jingina da ita.

"Ina za ka cikin wannan ruwa? Ka yi mura matarka ta ce ni ce. Zauna."

Ta jawo kujeru biyu ta ajiye su baya da baya, da tebur a tsakani. Ta kunna risho ta ɗora ruwa, tana dariya tana share hawaye da gefen riga. Ruwan sama yana dukan kwano har ba a jin maganar kowa, yara a waje suna ihu suna tsalle a cikinsa. Da shayin ya yi ta zuba kofi uku, ta miƙa wa kowa nasa ta gefensa.

Hilda ta kurɓa. Can ta yi gyaran murya, ta ce wa bangon yamma, da ƙarfi yadda zai ji duk da ruwan, akwai biskit a gwangwanin da ke saman kabad, in wani mai tsawo yana kusa. Kujerar da ke bayanta ta motsa. Suka zauna a haka su uku suna ci suna sha, har ruwan ya tsagaita.